Gwajin albumin a fitsarin masu ciwon sukari: a yi shi nan take ko a tura birni?

Nas_Mai_Kula_da_Suga
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti da ke duba masu ciwon sukari rana ɗaya a mako, kuma akwai shawarar da nake so in kai gaban shugabanninmu, amma na ga ya dace in fara jin ta bakin waɗanda suka fi ni sanin aikin. Abin da aka koya mana shi ne, mai ciwon sukari nau'i na biyu ana auna albumin ɗin da ke fitsarinsa (wani furotin na jini da ke tsallakewa cikin fitsari idan ƙoda ta fara taɓuwa) tun lokacin da aka gano ciwon, sannan a riƙa maimaitawa sau ɗaya a shekara, mai nau'i na ɗaya kuwa ana farawa bayan shekara biyar da gano shi. A wurinmu ba a yin wannan gwaji sai an shiga birni, kuma akasarin waɗanda muke rubuta wa takarda ba sa dawowa da sakamako. Ra'ayina shi ne mu sayi tsinken gwaji ko ƙaramar na'ura mu riƙa yi nan take, mutum ya ji sakamakonsa kafin ya bar asibiti. Shin irin wannan gwaji abin dogaro ne, ko kuwa tsorata mutane kawai za mu riƙa yi da sakamakon da ba shi da tabbas?

Ɗan_Lab_Zariya
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ba ki amsa sai an san wane tsinke kike nufi, domin ba iri ɗaya ba ne. Tsinken fitsari na yau da kullum, wanda ake tsoma wa masu juna biyu a wurin awo, ba ya nuna furotin a fili sai ya kai wajen miligiram 300 a lita ɗaya. Kafin mai ciwon sukari ya kai wannan mataki, ƙodarsa ta daɗe tana zubar da albumin kaɗan-kaɗan ba wanda ya sani. Saboda haka idan wannan tsinke ya nuna babu komai, ba hujja ba ce ta cewa ƙoda lafiya lau take.

Akwai waɗanda aka yi su musamman don wannan aiki. Micral-Test na kamfanin Roche yana gane albumin tun daga miligiram 20 a lita, ana tsoma shi daƙiƙa biyar a karanta launinsa bayan minti ɗaya, amma albumin kaɗai yake aunawa. Tsinken Clinitek Microalbumin na Siemens yana auna albumin da kiretinin (wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini zuwa fitsari) a tare, na'ura ce ke karanta shi, ta gaya miki rukunin da mutum ya faɗa. Sannan akwai na'urori irin su DCA Vantage da Afinion, waɗanda ke ba da ainihin lamba cikin 'yan mintuna, kuma su ne suka fi kusa da abin da babban ɗakin gwaje-gwaje zai bayar. Tsadarsu ma haka take hawa, daga na farko zuwa na ƙarshe.

Hajiya_Mai_Haƙuri
Ku yi mini afuwa, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, mai ciwon ce. Na daɗe ina shan maganin sukari, kuma duk zuwan da na yi jini ake ɗiba a yatsa, ba a taɓa cewa in kawo fitsari don a duba ƙoda ba. Ni dai abin da na sani shi ne idan ƙoda ta taɓu ƙafa takan kumbura, fitsari kuma ya riƙa kumfa. Tunda ba ni da ko ɗaya daga ciki, shin ina da buƙatar wannan gwaji?

Likitan_Ƙoda
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kina da buƙatarsa ƙwarai, kuma irinki ne ma aka fi nufi da shi. Kumburin ƙafa da kumfar fitsari alamu ne da ke zuwa a makare. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai masu yawan gaske da ke aiki kamar rariya: ruwa da dattin jini su wuce, albumin kuma, wanda furotin ne da jiki ke buƙata, ya tsaya a cikin jini. Sukari mai yawa da hawan jini suna lalata waɗannan matatai a hankali har albumin ya fara tsallakewa, kuma mutum zai iya shekaru a haka ba ya jin ciwon komai.

Ga lambobin da muke aiki da su. Ana raba albumin da kiretinin ɗin da ke cikin fitsarin, a samu miligiram nawa ne na albumin a kowane giram na kiretinin. Ƙasa da 30 babu damuwa. Daga 30 zuwa 300 ya ƙaru matsakaici, kuma nan ne magani ya fi yin tasiri. Sama da 300 ya ƙaru sosai. Wannan rabe-raben shi ne na ƙungiyar KDIGO, wadda ke tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda a duniya. Ba kuma sabon ilimi ba ne: tun a 1982 Viberti da abokan aikinsa a Landan, sannan Mogensen a Denmak a 1984, suka nuna cewa ɗan wannan albumin da tsinken yau da kullum ba ya gani yana hango lalacewar ƙoda tun kafin ta bayyana. Mogensen ya kuma lura cewa masu shi sun fi saurin mutuwa, daga baya aka tabbatar cewa alama ce ta haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Game da tambayar Malama Nas, ina goyon bayan a yi nan take, da sharaɗi guda: sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci. Sai an samu biyu daga cikin gwaji uku, a tsakanin wata uku zuwa shida, sun nuna ƙaruwa kafin a ce wa mutum ƙodarsa ta taɓu.

Mai_Kemis_Funtuwa
Likita, da girmamawa, wannan sharaɗin naka shi ne ya rushe dukan hujjar. An ce a yi nan take ne saboda mutane ba sa dawowa. Yanzu kuma ka ce sai mutum ya zo sau uku. Wanda bai iya zuwa birni sau ɗaya ba, me zai sa ya dawo sau biyu a kan ciwon da ba ya jin zafinsa? Ni ina ganin kuɗin da za a zuba a na'ura gara a sayi na'urar awon jini mai kyau da maganin hawan jini a raba wa mutane.

Nas_Mai_Kula_da_Suga
Malam Mai Kemis, wurinmu suna dawowa, domin a nan suke karɓar magani duk wata ko bayan wata biyu. Birni ne ba sa zuwa, saboda kuɗin mota, da yinin da za su rasa, da kuma komawa karɓar sakamako wata rana daban. Gwaji na biyu da na uku za su iya faɗawa a ranakun da dama za su zo.

Ɗan_Lab_Zariya
Ina so in ƙara bayani a kan abin da Likita ya ce, domin a nan ne gwajin nan take ya fi yawan yaudarar mutane. Albumin yana hawa ya sauka daga rana zuwa rana ko a jikin mutum ɗaya, kuma akwai abubuwan da ke ɗaga shi na ɗan lokaci ba tare da ƙoda ta lalace ba: zazzaɓi, ciwon sanyi na mafitsara, jinin al'ada, aikin ƙarfi a cikin awa 24 kafin gwajin, sukari ko jinin da ya hau sosai a ranar, da kasawar zuciya. Ku duba wannan jeri ku auna shi da mutanen da ke zaune a bencin asibitinmu. A damina da yawa daga cikinsu da zazzaɓin cizon sauro suke zuwa. Manomi ya kwana biyu yana huɗa, ko ya taka sayyada daga ƙauye, sannan a miƙa masa kwalba. Idan ba a yi masa tambayoyi kafin a tsoma tsinke ba, za a rubuta masa ciwon da ba shi da shi.

Sai batun kaurin fitsari. Tsinken da ke auna albumin kaɗai yana auna yawansa ne a cikin ruwan da ya tarar. A watan Afrilu, ko a cikin azumi, fitsari yakan yi kauri, lambar ta hau. Wanda kuma ya sha ruwa da yawa yana jiran layi, nasa ya tsinke, lambar ta sauka, a sallame shi alhali yana da matsala. Wannan ne dalilin da ya sa ake haɗawa da kiretinin, domin shi yana gyara wannan bambanci. Idan dole sai mai auna albumin kaɗai za ku saya, to ku nace a kan fitsarin farko na asuba, ku ba mutum kwalba mai tsabta ya tafi da ita gida ya zo da shi.

Ungozoma_Azare
A ƙara da tsargiya a jerin. A garuruwan da ke bakin kogi ko wuraren noman rani, jini a fitsari ba baƙon abu ba ne, kuma jinin yana zuwa da furotin. Ni shawarata a fara tsoma tsinken yau da kullum, mai araha, a duba ko akwai jini ko alamar ciwon sanyi. Idan akwai, a yi maganinsa, a ɗage gwajin albumin zuwa wani zuwan, kada a ɓata tsinke mai tsada. Kuma don Allah mace ce za ta tambayi mace batun al'ada, a keɓe. Da yawa ba za su faɗa ba idan namiji ne ya tambaya a gaban mutane.

Mai_Kemis_Funtuwa
Duk na ji, amma har yanzu ba a amsa mini ba. A ce an tabbatar mutum yana da 120. Sai me? Me za a yi masa wanda dama ba a yi wa kowane mai ciwon sukari?

Likitan_Ƙoda
Tambayarka tana kan hanya, Malam, domin gwajin da ba ya canza magani ɓarnar kuɗi ne. Wannan yana canzawa ta hanyoyi da dama. Mai ciwon sukari da hawan jini wanda albumin ɗinsa ya ƙaru, ba kowane maganin hawan jini ne ya fi dacewa da shi ba. Ana fifita dangin lisinopril ko dangin losartan, a kuma ɗaga su zuwa iyakar abin da jikinsa zai ɗauka, saboda suna rage matsin da ke cikin matatan ƙoda, ban da saukar da jini. A 2001 aka fitar da binciken RENAAL a kan losartan, da IDNT da IRMA-2 a kan irbesartan, wanda ɗan dangin losartan ne, kuma IRMA-2 an yi shi ne a kan mutanen da ke matakin farko, irin wanda ka kawo misalinsa. Kai da kanka ka san mutane nawa ne ke karɓar maganin hawan jini na amlodipine kaɗai a shagonka shekara da shekaru. Idan an san albumin ɗinsu, da wasunsu an sauya musu ko an ƙara musu.

Sannan akwai sababbin magunguna da ke sa ƙoda ta fitar da sukari ta fitsari. Binciken CREDENCE na 2019 a kan canagliflozin ya nuna raguwar haɗarin lalacewar ƙoda da mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, DAPA-CKD na 2020 a kan dapagliflozin kuma kashi 39. Abin lura shi ne, mutanen da aka sa a waɗannan bincike biyu an zaɓe su ne bisa yawan albumin ɗin fitsarinsu. Magungunan suna da tsada a wurinmu, ba kowa za a iya saya wa ba, don haka gwajin ne zai nuna wanda ya fi cancanta iyalinsa su ɗaure su saya masa.

Amma ina da gargaɗi ga Malama Nas. Ba a haɗa lisinopril da losartan a ba mutum ɗaya. Ba a ba mai juna biyu ko wadda ke neman ɗaukar ciki ko ɗaya daga cikinsu. Kuma bayan an fara ko an ƙara yawansu, ana duba kiretinin da fotashiyam na jini cikin mako biyu zuwa huɗu. Wato ko kun sayi na'ura, ba ku rabu da ɗakin gwaje-gwaje ba.

Malam_Na_Gashuwa
Ina bin wannan tattaunawa da zuciya ɗaya, domin a yankinmu na Bade kusan babu wanda bai san gidan da ciwon ƙoda ya shiga ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ya kama ba su da ciwon sukari ko kaɗan. Abin da nake tsoro shi ne a sa wa mutane a rai cewa sukari ne kaɗai ke kashe ƙoda. Na ga yadda wankin ƙoda ke cinye gona da shanu, ana son a yi sau uku a mako, iyali su fara da biyu, su koma ɗaya, daga nan su daina. Duk gwajin da zai sa a gane da wuri, ni ina bayansa, amma me ya sa za a taƙaita shi ga masu sukari?

Likitan_Ƙoda
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, Malam, ya ba marasa lafiya sauƙi. Ba a taƙaita shi ba: masu hawan jini, masu sikila, masu ɗauke da ƙwayar HIV da waɗanda ciwon ƙoda ke danginsu duk sun cancanci a duba su. Sai dai akwai ciwon ƙodar da ba ya zubar da albumin sosai, har ma a cikin masu sukari akwai waɗanda aikin ƙodarsu ke raguwa alhali fitsarinsu bai nuna komai ba. Shi ya sa ƙa'idar ta ce gwaji biyu ne a shekara, na fitsari da na kiretinin ɗin jini, wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya tsaya ƙasa da 60 fiye da wata uku, ciwon ƙoda ne ko da albumin bai ƙaru ba. Idan ya sauka ƙasa da 30, maganin sukari na metformin ma sai an dakatar da shi.

Dattijo_Mai_Ritaya
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a kan abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin asibiti. Mutum zai zo a auna shi, a ba shi magani mai kyau, ya koma gida ya ci gaba da shan diclofenac ko ibuprofen kullum saboda ciwon gwiwa, ya haɗa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, miyarsa kuma cike da gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Amfanin da nake gani a gwajin nan take shi ne, lokacin da mutum ke kallon sakamakonsa da idonsa, a lokacin ne kunnensa ke buɗe. Idan aka ce masa ya bar maganin ciwon jiki barkatai a wannan zaman, ya fi ji a kan a gaya masa bayan wata biyu.

Hajiya_Mai_Haƙuri
Baba ya faɗi gaskiya, ni ma ina shan irin waɗannan magunguna idan bayana ya matsa mini, kuma ban san suna taɓa ƙoda ba. Zan tambayi likitana a zuwa na gaba. Amma ina roƙon ma'aikata su riƙa yi mana bayani a hankali. Idan aka ce wa mutum an ga wani abu a ƙodarsa aka yi shiru, wankin ƙoda kawai zai hango, wani ma ba zai sake dawowa ba, sai dai a ji shi wurin mai maganin gargajiya.

Nas_a_Ingila
Ina so in ja hankali kan wani abu da ke iya jawo kuskure babba. Lambobin da Likita ya kawo, 30 da 300, na miligiram ne a kowane giram. A nan inda nake aiki ana rubuta sakamakon da miligiram a kowane milimol, kuma iyakokin su ne 3 da 30. Na'urori da yawa ana iya saita su a kan kowanne daga cikin biyun. Idan takarda ta nuna 25, a ma'auni na farko lafiya lau ne, a na biyu kuwa mutum ya kusa shiga rukuni mafi tsanani. Duk wanda zai rubuta sakamako a kati ya rubuta ma'aunin a gefensa, kuma asibiti ya tsaya a kan guda ɗaya.

Ɗan_Lab_Zariya
Wannan gaskiya ne. Sai kuma ajiya, wadda ita ce ta fi damuna a ƙasarmu. Yawancin tsinkayen fitsari an rubuta a jikin kwalbarsu kada zafi ya wuce digiri 30, wasu kayan gwajin kuma firiji suke so, alhali a bazara garuruwanmu suna haura 40. Danshin damina ma yana lalata su idan an bar murfi a buɗe ko an jefar da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi. Tsinken da ya lalace ba ya sanarwa, launi zai ba ki kamar kullum. Idan ba ku da firiji mai aiki da sola, Malama, ku sayi kaɗan-kaɗan, ku rubuta ranar da aka buɗe kwalba, ku kuma riƙa gwada na'urar da ruwan tantancewa da kamfanin ke sayarwa tare da ita.

Nas_Mai_Kula_da_Suga
Na gode muku duka. Firijin rigakafi muke da shi, kuma ba a yarda a sa wani abu a cikinsa ba, don haka sai na nemi wani. Abin da nake tunanin kaiwa gaban shugabanni yanzu shi ne tsinke mai auna albumin da kiretinin tare, a yi wa kowa sau ɗaya a shekara bayan an yi masa tambayoyin da Malam na Zariya da Ungozoma suka lissafa. Wanda nasa ya fito ƙasa da 30 sai baɗi. Wanda nasa ya haura a maimaita masa, idan ya sake haurawa mu ɗebi fitsarin da jininsa mu aika birni da kanmu, maimakon mu tura shi.

Likitan_Ƙoda
Tsarin ya yi, sai dai kada gwajin jinin ya zama na waɗanda fitsarinsu ya nuna ƙaruwa kaɗai, saboda dalilin da na gaya wa Malam na Gashuwa. Kuma wanda nasa ya wuce 300, ko aka ga jini a fitsarinsa ba tare da tsargiya ko ciwon sanyi ba, ko albumin ɗin ya yi tsalle cikin ɗan lokaci, a turo mana shi, domin wataƙila ba sukari ba ne sanadin.

Mai_Kemis_Funtuwa
Na yarda da Likita cewa sakamakon yana canza magani, wannan na karɓa. Inda ban gamsu ba shi ne ɗorewa. Na ga na'urori a asibitoci an lulluɓe su da ƙyalle saboda kayan aikinsu sun ƙare, mai kawowa kuma ya ce kuɗin canji ya tashi. Kafin ku sayi kowace na'ura, Malama, ku tambayi mai sayarwa inda za ku samu tsinkenta bayan shekara biyu, da kuma ko yana yarda a sayi kwalba ɗaya. Sannan ku yanke tun yanzu wanda zai biya kuɗin gwaji na biyu da na uku, asibiti ko majiyyaci, domin idan majiyyaci ne, ina jin da yawa a na farko za su tsaya.

Ungozoma_Azare
A wurinmu kuɗin kati ake ɗan ƙarawa a haɗa gwajin a ciki, mutum bai ga ana karɓar wani kuɗi daban a ranar ba. Ban ce zai yi aiki a ko'ina ba, kuma akwai masu ƙorafi. Malama Nas, kafin ki je wurin shugabanni ki ƙirga masu sukari nawa ne ke cikin rajistarku da kuma nawa ne ke zuwa a kai a kai, domin tambayar farko da za su yi miki ke nan, kuma da ita za ki san ko kwalba ɗaya za ta ƙare kafin ranar lalacewarta ta zo.